Sojojin Yumɓu da Rijiyar Kakana

Kaka ya yarda, jama'a, zan koma Caina! Jakata tana nan a buɗe a tsakar ɗaki, Mama sai cusa min kuka da daddawa da yaji take yi kamar wadda za ta je buɗe shago, ni kuma ina kan katifa ina danna waya da manyan yatsuna biyu, don kar labarin ya huce kafin in ba ku. Sati biyu da suka wuce, da wani ya ce min zan sake hawa jirgin nan, cewa zan yi ya daina min wasa da hankali.

Bari in koma baya kaɗan, don na san wasunku ba su san ni ba. Ni 'yar Gusau ce. Bara na samu tallafin karatu zuwa wani babban birni da ake kira Shi'an. Shekarar farko ba mu yi komai ba sai koyon yarensu, wanda wallahi ya ci min tuwo a ƙwarya kafin in fara gane gaba da baya. Sai bana ne za mu shiga karatun haɗa magunguna gadan-gadan. Wato da an hana ni komawa, duk wahalar nan ta tafi a banza, ga gurbin kuma ba ya jiran kowa.

Allah ya haɗa ni da wata 'yar ɗaki, Musulma ce 'yar garin, kakanninta ma a nan aka haife su. Yarinyar nan ba ta san zama ba. Kowace Asabar sai ta yaye min bargo ta ce in tashi, wai kunya ce in shekara a garinsu ban ga komai ba sai aji da ɗakin cin abinci. Ita ta fara kai ni ganuwar birnin. Ku manta da ganuwar ƙasa da kuka sani, wannan ta bulo ce, ta zagaye tsohon gari kaf, kuma samanta faɗi ne da shi kamar titi. A can sama ake ba da hayar keke. Ni da rabona da keke tun ina firamare, na hau ina yanga, ban yi nisa ba na zube a gaban wasu tsofaffi masu motsa jiki. Su suka ɗaga ni, wata tsohuwa har da kakkaɓe min abaya.

Daga nan sai unguwar Musulmi, inda na bar zuciyata. Lungu ne dogo, hayaƙin tsire ko'ina, masu fararen huluna suna ta kiran ciniki. Akwai wani abinci da ya haɗu ba ƙarya: a ba ka gurasa mai tauri da kwano, ka zauna ka yi ta gutsuttsura ta ƙanana-ƙanana da hannunka, sannan su karɓa su zuba romon rago a kai. In ka yi gaggawa ka gutsura manya, mai abincin zai dube ka ya dubi kwanon, ka ji kunya da kanka. A cikin lungun nan ne babban masallacinsu yake, tsoho sosai, na katako, da filaye da bishiyoyi, rufinsa ya lanƙwashe sama irin gininsu. Mun je hasumiyar ƙararrawa da ta ganga a tsakiyar gari, mun je wani dogon gini mai hawa-hawa da ake wasan feshin ruwa a gabansa. Duk inda muka je sai na ɗauki wanka, na ɗauki hoto, na watsa a sitatus. Mutanen gida suna ta min "kin haɗu", ni kuma kaina yana ta kumbura.

Sai ranar da muka je ganin sojojin yumɓu. Wurin yana bayan gari, sai an shiga bas. Wani ƙaton rami ne aka yi masa rumfa, a ciki kuma mutum-mutumi ne na yumɓu, tsayinsu kamar na mutum, sun jeru sahu-sahu da dawakansu, kuma kowanne da irin fuskarsa. Wani mai gashin baki, wani ya ɗaure fuska kamar an ci masa abinci. Wani sarki ne na can da can ya sa aka yi su, aka binne su kusa da kabarinsa. Na jingina da ƙarfen da aka kange wurin, ƙawata ta ɗauke ni, su duka suna bayana. Kafin mu fita ƙofa na riga na saka hoton, na rubuta a ƙasa: "Ni da samarina, ku zaɓar min ɗaya."

Wannan rubutun ne ya kusa ja min.

Ina da gwaggo a Tsafe, yayar Baba. Ba ta da mugunta ko kaɗan, hasali ma ita ce shugabar masu yi min kirari. Duk hoton da na saka sai ta adana. Aka yi wani suna a Karakkai, garin kakana mahaifin Baba, ta je, ta zauna kusa da shi tana nuna masa jikarsa a ƙasar waje. Da ta zo kan wannan hoton sai ta karanta masa rubutun da ƙarfi tana dariya. Kowa ya yi dariya, ban da shi. An ce ya karɓi wayar ya kawo ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya miƙa mata, ya tashi ya tafi alwala tun lokacin salla bai yi ba.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da na iso gida hutu. Kwana biyu aka bar ni na ci tuwo na huta, sannan Baba ya kira ni falo bayan la'asar. Ya ce Kaka ya aiko da saƙo: shi karatu ya yarda a tura ni, ba zaman gidan gumaka ba. Idan na zo hutu, na zo kenan, a nema min makaranta a nan Gusau. Na ce Baba ai wasa nake yi, wurin tarihi ne, kowa zuwa yake yi. Ya ce shi ya sani, amma shi bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Abin da zai iya yi min ɗaya ne: in za mu je kai tsaraba, zai bar ni in yi bayani da bakina.

Mun fara da Tsafe, don ba a wuce babbar yaya. Gwaggo na ganina ta rungume ni tana ba ni haƙuri, wai ita ta jawo min. Na ba ta gyale da ganyen shayi, ta ba ni shawara kyauta: kar in yi masa gardama, kar in yi masa turanci, kuma in fara da masallaci. Muna hanyar dawowa na buɗe wayata na shirya hotuna a jaka guda, na jera su kamar mai shirin jarrabawa. Masallaci a farko, ganuwa ta biyu, abinci na uku. Na sojojin nan kuwa na tura shi can ƙarshe, ina fatan caji ya ƙare kafin a kai gare shi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni da Kaka. Tun ina rarrafe yake kirana matarsa. In na je sai ya ce ga uwargida ta zo, wa ya ba ki izinin fita. Ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, na fasa auren, haƙoranka sun ƙare. Ya ce ai ko babu haƙori ya fi samarin Gusau masu ɗamammen wando. Haka muke, a gaban kowa, har Baba yakan tashi ya ba mu wuri don kunya. Ranar da zan tafi Caina ma cewa ya yi in na kuskura na kalli wani a can, ya sake ni ta waya.

Ranar zuwa wurin Kaka mun fita da hantsi don mu dawo kafin la'asar, kamar yadda kowa yake yi yanzu. Damina ta zauna sosai, daga Bungudu zuwa Karakkai gero ya rufe mutum, ko'ina shar. Mun same shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, a kan buzunsa, yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi Mama. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, ya ce sannu da zuwa.

Babu uwargida, babu wa ya ba ki izini. Na ajiye masa tsarabarsa, hula mai taushi da man zafi na ciwon gwiwa, ya sa albarka bai ko buɗe ledar ba.

Baba ya yi gyaran murya ya ce yarinya tana son ta nuna masa inda take zaune. Na matsa na buɗe hoton masallaci. Na yi bayani kamar 'yar jagorar yawon buɗe ido: ga ƙofa, ga fili, ga inda ake alwala, an yi ɗaruruwan shekaru ana salla a ciki. Ya kalla ya ce, "Wanga shi na masallaci? Ina hasumiyatai?" Na ce ai irin gininsu kenan. Ya ce shi rumfar shan iska yake gani. Na kunna masa bidiyon da na ɗauka ranar Juma'a, wasu dattawa suna fitowa suna musabaha, ana jin salamu alaikum ɗinsu. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, Allah ya ƙara musu imani. Shikenan. Babban makamina ya tafi a haka.

Ganuwa ma ba ta yi aiki ba. Cewa ya yi garuruwanmu ma duk suna da ganuwa a da, ruwa ne ya cinye. Da ya ji wai keke na hau a kanta, sai ya kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa. Na wuce hoton gurasa da sauri. Ina shirin cewa hotunan sun ƙare, sai ya ajiye fartanyar.

"Nuna min wanda gwaggonki tan nuna min."

Na buɗe. Ga ni nan da murmushi har kunne, ga samarin nawa a baya. Na fara zuba kamar rediyo: wallahi Kaka babu mai bauta musu, babu mai durƙusa musu, an ma kange su da ƙarfe, tikiti ake saya a kalla a wuce, 'yan makaranta ake kai wa. Da na ga bayanin ba ya shiga, sai kawai na ci gaba da faɗin duk abin da ya zo bakina. Na ce su kansu 'yan garin ba su san da su ba, suna binne a ƙasa shekara da shekaru, sai da wasu manoma suka zo haƙa rijiya a gonarsu lokacin fari, suka ci karo da kan mutum na yumɓu.

Sai na ga ya ɗago.

"Rijiya sunka haƙa?"

Na ce eh.

"Sun samu ruwan?"

Jama'a, na je wurin nan, na zagaya shi, na saurari mai bayani, na ɗauki hoto ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina ko mutanen nan sun samu ruwa ba. Na ce ban sani ba. Ya ce to gaba nawa suka yi kafin su tarar da abin? Ban sani ba. Ƙasar ja ce ko baƙa? Ban sani ba. Me suke nomawa a gonar? Shi ma ban sani ba. Ya ce, "To mi kit tahi gani?"

Baba ya juya kai yana ɓoye dariya. Ni kuwa na ce Kaka ba ni minti biyar. A Karakkai sabis ba ya zama wuri ɗaya, sai ka bi shi. Na zagaya bayan gida, na hau wani tudu kusa da rumbu, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, har sanda biyu na sabis suka fito. A Caina yamma ta yi, na san ƙawata tana gida. Na rubuta mata da saurin da ban taɓa yi ba: manoman nan sun samu ruwa? Me suke shukawa? Ina suka koma? Ta turo min fuskar mamaki, ta ce ita ma ba ta sani ba, bari ta tambayi babanta. Ina tsaye kaji suna zagaya ni, sai ga amsa. Wai ba a ƙarasa rijiyar ba, hukuma ta karɓi wurin, an ce an tashi mutanen an ba su wani matsuguni. Yankin kuma an san shi da rumman da alkama da masara. Ta ƙara da cewa in duba hotunana da kyau, a gefen ramin akwai ɗan allo da ke nuna daidai inda rijiyar take.

Na dawo da gudu na zauna, na karanta masa. Sannan na shiga tsofaffin hotuna ina ja ina buɗawa, har na samu wani da na ɗauka a karkace, wanda na kusa gogewa don ban fito da kyau ba. A can kusurwa ga ɗan allon. Na buɗa shi da yatsu biyu na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon ƙasar wurin, ba sojojin ba.

"Allah sarki," ya ce. "Sun sha wahala ba su sha ruwa ba."

Sai ya dafa kafaɗar Baba ya miƙe, ya ce in biyo shi. Muka shiga cikin gida har bakin rijiyar da nake ɗiban ruwa tun ina yarinya. Ya ce shi da ƙaninsa marigayi suka haƙa ta, shekarar da aka haifi gwaggona. Sun yi gaba uku sai diga ta bugi wani abu. Suka tono fasassun tukwane da dutsen niƙa har da ɗansa, da toka, a wurin da kowa ya ɗauka ba a taɓa zama ba. Ya ce mutane sun taru, wasu suka ce a mayar da ƙasa a gudu, wurin iskoki ne. Mahaifinsa ya zo ya duba ya ce babu iskokin komai, mutane ne irinmu suka yi tuwo a nan suka wuce, a ci gaba da haƙa. Gaba biyu a ƙasa suka samu ruwa, ga shi har yau ana sha.

Ya nuna min wani dutse mai kwarmi a gindin randa, wanda kaji suke shan ruwa a ciki. Duk zuwan da nake yi gidan nan ina tsallake shi, ashe shi ne. Baba ma cewa ya yi bai taɓa jin labarin ba.

Muka koma gindin darbejiya. Ya sake tambayata me sarkin nan yake nufi da tara wannan runduna. Na ce wai don su tsare shi bayan ya mutu. Ya ce, "To sun tsare shi?" Na ce ga shi dai an tono su, yara suna shan alawa suna kallonsu. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce in haka ne, wurin wa'azi na je ban sani ba, sai na tsaya ina washe baki.

Amma bai sake ni haka nan ba. Ya ce rubutun nan bai yi masa daɗi ba, ɗiya mace ba ta tallan kanta ko da wasa, in goge duk inda yake. Na ce ai ya daɗe da ɓacewa, ya ce a wayar gwaggona fa? Na ce zan kira ta yau. Ya ce kuma in na koma, in sake zuwa wurin, in tsaya a bakin rijiyar in ɗauko masa ita sosai, ba ni a ciki. In ɗauko masa gonakin hanya, ya ga yadda suke yin kunya da irin fartanyarsu. In kuma tambaya ko suna da gero. Na ce suna da shi, wani ƙanƙane rawaya, kununsa muke sha da safe. Ya ce shekara guda ina shan kunun gero a ƙasar Sin ban faɗa masa ba, sai hoton ƙattin laka.

Ni dai kalma ɗaya na riƙe a duk maganar: in na koma. Na kalli Baba, Baba ya ɗaga min gira. Na ce, "Kaka, kenan zan koma?"

Ya jawo ledar tsarabar ya buɗe, ya fito da hular ya kifa a kansa a karkace. Ya ce, "Tahi ki gama karatunki, uwargida. Ni da nike tsoron an ƙwace min mata, ashe abokan takarar tawa ko numfashi ba su yi."

Na ce tsoho mai ran ƙarfe, ai ko su sun fi ka haƙori. Baba ya tashi ya ce bari ya duba mota.

Kafin mu tafi sai da aka dama mana fura, na ɗauki dutsen niƙan nan hoto ta kowane gefe, kaji suna hararata. Na tura wa ƙawata, na ce mata ga namu wurin tarihin, in ta zo ba tikiti. Ta ce da gaske tana son zuwa. Na faɗa wa Kaka, ya ce ta zo lokacin girbi, in sabon gero ya shigo.

To ga shi nan, jibi zan kama hanyar Abuja. Duk wanda Allah ya kai shi Shi'an, ya hau ganuwa amma ya riƙe keke da kyau, ya ci gurasa da romo a unguwar Musulmi, ya yi Juma'a a tsohon masallaci, ya je wurin sojojin yumɓu ya nemi ɗan allon rijiyar a gefen rami. Kuma kafin ka rubuta wani abu a ƙasan hoto, ka tuna kana da gwaggo.

Don Allah in kun karanta, ku tura wa wasu, musamman 'yan uwanmu ɗalibai da ke shirin tafiya.